Daga Fassarar Nassi Zuwa Zubar da Jini: A Ina Hanya Ke Karkacewa?

A shekara ta 657 miladiyya, bayan yaƙin Siffin, dubban mutane suka fice daga rundunar Sayyidina Ali bin Abi Ɗalib saboda ya amince a wakilta mutum biyu su sasanta shi da Mu'awiya. Takensu yankin aya ne daga Alƙur'ani: babu hukunci sai na Allah. Lissafinsu kuma gajere ne. Hukunci na Allah ne, Ali ya miƙa hukunci ga mutane, saboda haka Ali ya kafirta, duk wanda ya tsaya bayansa ma haka. Amsar da Ali ya ba su tana cikin Sahihu Muslim: kalma ce ta gaskiya da ake nufin ƙarya da ita. Abdullahi bin Abbas ya same su har sansaninsu, ya karanta musu aya ta 35 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata, da aya ta 95 a Ma'ida, inda aka bar wa adilai biyu yanke fansar dabbar da mahajjaci ya farauta. Ya tambaye su: jinin Musulmi ne ya fi cancantar a sa mutane su yi sulhu a kansa, ko rikicin miji da mata? Da yawa suka dawo. Waɗanda suka kafe aka gwabza da su a Nahrawan a 658, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya sari Ali a Kufa a 661.

Waɗannan su ne Khawarijawa, kuma ba mashaya ba ne, ba 'yan daba ba ne. Masu tsayuwar dare ne, masu yawan tilawa. Mus'hafin da ke hannunsu shi ne a hannun Ibn Abbas. Wannan kaɗai ya isa ya raunana maganganu biyun da aka fi ji idan bam ya tashi: masu cewa laifin littafin ne, da masu cewa abin ba shi da wata alaƙa da addini. Da littafin ne da kansa ke haifar da kisa, da biliyoyin da ke karanta Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki kullum sun zama makasa. Da kuma babu ruwan nassi, da Shekau bai ɓata lokacinsa yana jan ayoyi a kowane bidiyo ba, da Joseph Kony na Yuganda bai ce Dokoki Goma yake son kafawa ba.

Saɓanin fassara shi ma ba shi ne cutar ba. Malikawa da Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun shafe fiye da shekara dubu suna saɓani a kan ayoyi iri ɗaya, suna kuma bin juna salla. Abin da ke kai mutum ga zubar da jini wasu kurakurai ne sanannu a hanyar karatu, waɗanda ake iya nuna su da yatsa, kuma abin mamaki kusan iri ɗaya ne a addinan biyu, Musulunci da Kiristanci.

Yanke aya daga maƙwabtanta

Aya ta 5 a Suratut Tauba, wadda ake kira ayar takobi, ta ce idan watanni masu alfarma sun wuce a kashe mushirikai duk inda aka same su. Mai neman mabiya nan yake tsayawa. Amma aya ta 4, wadda ke gabanta, ta cire mushirikan da aka yi alkawari da su ba su saɓa ba, ta ce a cika musu alkawarinsu. Aya ta 6 ta ce idan wani mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sannan a raka shi har inda zai sami aminci. Aya ta 13 kuma ta faɗi su wane ne ake magana a kansu: mutanen da suka warware rantsuwarsu, suka yi niyyar korar Manzo, kuma su suka fara takala. Zance ɗaya ne, a shekara ta 9 bayan hijira, a kan wasu ƙabilun Larabawa da ake cikin halin yaƙi da su. Karanta aya ta 4 zuwa ta 13 ba ya cin minti biyar, amma yaron da aka turo wa yankakken sauti na daƙiƙa arba'in a WhatsApp ba zai taɓa jin su ba.

A Linjilar Luka 22:36, Yesu ya ce wa almajiransa wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Duk lokacin da rikici ya ɓarke a Jos ko Kaduna sai ka ji wannan aya ta fito daga bakin wasu. Ayoyi biyu a gaba, almajiran suka ce ga takuba biyu, ya ce ya isa. Takobi biyu ba sa kare mutum goma sha biyu daga masu kame. A daren nan kuma, da ɗayansu ya zare takobi ya datse kunnen bawan babban firist, Yesu ya hana, ya warkar da kunnen, kuma a Matiyu 26:52 ya ce a mayar da takobi kubensa, don duk mai zarar takobi takobi ne ajalinsa. Duk da haka, a 1302 Fafaroma Boniface na Takwas ya kafa hujja da waɗannan takuba biyun cewa ikon ruhaniya da ikon sarauta duka suna ƙarƙashin coci. Wato yanke aya ba aikin jahilai kaɗai ba ne, manyan masu rawani ma suna yi idan mulki ya shiga tsakani.

Wace aya ce ke hukunta wace?

Nan ne ainihin fagen daga. Kowane littafi yana da ayoyin sassauci da na tsanani, kuma dole mai karatu ya sami ƙa'idar da zai jera su.

A Musulunci ƙofar ita ce nasikh da mansukh, wato aya ta baya ta shafe hukuncin ta farko. Ibn Salama, wanda ya rasu a 410 bayan hijira, ya ce ayar takobi ita kaɗai ta shafe ayoyi 124 na haƙuri da yafiya da kau da kai. Idan aka karɓi wannan, to "babu tilas a addini" ta Baƙara 256 ta tafi, "idan sun karkata ga zaman lafiya ka karkata" ta Anfal 61 ta tafi, haka aya ta 8 a Mumtahana da ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku ba, ba su kore ku daga gidajenku ba. Sai dai manyan masu tahƙiƙi ba su yarda da wannan shara ba. Ɗabari ya ce babu ma'ana ga maganar mai cewa an shafe ayar Mumtahana. Suyuɗi, wanda ake jan Jalalaininsa kowane azumi a masallatanmu, ya tace ayoyin da aka shafe a duk Alƙur'ani ya mayar da su kusan 20. Shah Waliyyullah na Delhi, wanda ya rasu a 1762, ya sake tacewa ya bar 5. Ƙa'idar usulul fiƙihu a bayyane take: ba a da'awar shafewa sai an kasa haɗa ayoyin biyu, kuma an san wadda ta riga sauka. Ayar yaƙi da ayar sulhu kuwa suna haɗuwa cikin sauƙi, kowace da halin da take aiki a cikinsa.

Gaskiya ɗaya ce ba a so a faɗa a nan, kuma ɓoye ta yana cutarwa. Littattafan fiƙihu na da suna ɗauke da babin jihadin faɗaɗa daula, da jiziya, da bauta, da raba duniya gida biyu, gidan Musulunci da gidan yaƙi. An rubuta su a zamanin da asalin alaƙar dauloli yaƙi ne sai in an ƙulla sulhu. Lokacin da ISIS ta kame matan Yazidawa a Sinjar a watan Agustan 2014 ta mayar da su bayi, daga waɗannan babuka ta ɗebo hujja, haka Shekau da ya ce zai sayar da 'yan matan Chibok a kasuwa. Malamin da ya ce wa matashi "babu wannan a littafi" ya gama faɗuwa, don yaron zai buɗo masa shafin a waya. Amsar da ke tsayawa ita ce ta Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285: hukuncin da aka gina a kan al'ada da yanayi yana canjawa idan sun canja, kuma daskarewa a kan abin da aka naƙalto har abada ɓata ne a addini. Ƙasashen Musulmi sun shiga yarjejeniyoyin zaman lafiya da na hana bauta, kuma cika alkawari umarni ne a ayar farko ta Ma'ida.

Kiristoci tasu matsalar ita ce alaƙar Tsohon Alkawari da Sabo. Maimaitawar Shari'a 20:16 ta ce a biranen Kan'ana kada a bar wani abu mai numfashi da rai. Joshuwa sura 6 ta ba da labarin hallaka Yariko. 1 Sama'ila 15:3 ta umarci Saul ya kashe Amalekawa, maza da mata da jarirai da dabbobi. Yaya za a haɗa wannan da Huɗubar Kan Dutse, inda aka ce a ƙaunaci maƙiyi, a juya ɗaya kuncin? Markiyon, wani malamin Kirista na ƙarni na biyu, ya ce a jefar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, cocin Rum ya kore shi wajen shekara ta 144. Orijen na Iskandariyya ya ce yaƙe-yaƙen Joshuwa misali ne na yaƙi da zunubin da ke cikin zuciya. Mafi yawan coci-coci suka tsaya a kan cewa umarnin na wani zamani ne da wasu mutane, ya wuce, kuma ana karanta Tsohon da hasken Almasihu.

Ɓarna tana farawa ne ranar da mai karatu ya shigar da kansa cikin labarin: mu ne Isra'ila, su ne Amalekawa. Wasu masu wa'azin Turawan da suka mamaye Amurka a ƙarni na 17 haka suka kira 'yan asalin ƙasar. Masu cinikin bayi sun rataya a Farawa 9:25 suna cewa la'anar Ham ce ta sauka a kan baƙar fata, alhali a nassin Kan'ana aka la'anta, kuma babu inda aka ambaci launin fata. Misalin Afirka ta Kudu ya fi kowanne fito da abin fili. Malaman cocin Dutch Reformed sun kare wariyar launin fata da Ayyukan Manzanni 17:26, suna riƙe da ƙarshen ayar, inda ta ce Allah ya ƙayyade wa al'ummai iyakokin mazauninsu. Masu adawa da wariyar suka riƙe farkon ayar nan dai, inda ta ce daga mutum ɗaya ya halicci dukkan al'ummai. A 1982, a taron Ottawa, ƙungiyar coci-cocin Reformed ta duniya ta ayyana kare wariya da nassi a matsayin bauɗewa daga addini, ta dakatar da cocin.

Kafirtawa: matakin da ke buɗe ƙofar jini

Mutum zai iya yin duk kurakuran da ke sama ya mutu bai mari kowa ba. Abin da ke mayar da fassara makami shi ne lokacin da mai ita ya mayar da fahimtarsa iyakar imani, wanda ya saɓa mata ya fita daga addini. Buhari ya kawo cewa Ibn Umar yana ganin Khawarijawa mafi sharrin halitta, don sun ɗauki ayoyin da suka sauka a kan kafirai sun ɗora su a kan muminai.

Boko Haram ta bi wannan tsani hawa-hawa, kuma yana da kyau a ga matakan. Tushe shi ne aya ta 44 a Ma'ida: wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, waɗannan su ne kafirai. Muhammad Yusuf, daga cibiyarsa ta Ibn Taimiyya a Maiduguri, ya ce tsarin mulkin Nijeriya ɗagutu ne. Daga nan sai aikin gwamnati ya zama bauta wa ɗagutu, musamman soja da ɗan sanda da alƙali. Sai makarantar boko, don ita ke samar da ma'aikatan. Bayan an kashe Yusuf, Shekau ya ƙara matakai biyu: wanda bai kafirta waɗannan ba shi ma kafiri ne, sannan duk wanda ya zauna a garin da gwamnati ke iko da shi bai yi hijira zuwa wurinsu ba, ko da a sansanin 'yan gudun hijira yake, jininsa ya halatta. Da wannan lissafi aka tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, da shi kuma aka kashe masallata fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014. Tsanin ba shi da ƙarshe, shi ya sa ya cinye masu shi. Ansaru ta ɓalle a 2012 tana ƙorafin kisan Musulmi, a Agustan 2016 ɓangaren Abu Mus'ab Albarnawi ya rabu da Shekau a kan wannan mas'ala ta kafirta talakawa, kuma a Mayun 2021 a hannun farmakin tsoffin abokansa Shekau ya gamu da ajalinsa a Sambisa.

Malamai sun sa shinge a kowane mataki, kuma shingayen ne aka tsallake. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa kafircin da ke cikin ayar Ma'ida kafirci ne wanda bai kai mai fitarwa daga addini ba, sai ga wanda ya ƙaryata hukuncin. Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba musulmi ba, aya ta 55 a surarsa. Akwai bambanci tsakanin cewa "wannan aiki kafirci ne" da cewa "wane kafiri ne": kafin na biyun sai an tabbatar mutum ya sani, da gangan ya yi, ba tilasta shi aka yi ba, ba kuma wani tawili yake bi ba, kuma alƙali ne ke tabbatar da haka. Usama bin Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a tsakiyar yaƙi, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Annabi (S.A.W.) ya yi ta maimaita masa: ka tsaga zuciyarsa ne? Waɗannan hujjoji ne Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta kafa wa Muhammad Yusuf a karatuttukansa kafin a kashe Shehin a 2007, su ne kuma aka tattauna a muƙabalar Bauchi ta 2006 tsakanin Yusuf da Isa Ali Pantami. Sheikh Albani Zariya ya ci gaba da raddi har aka harbe shi a Fabrairun 2014, Shekau ya fito ya ɗauki alhaki.

Muhawarar ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Wasiƙun da Shehu Muhammad Al-Amin Elkanemi ya yi musaya da Muhammadu Bello a farkon ƙarni na 19 a kan wannan gaɓa suke: Elkanemi yana cewa saɓo, komai girmansa, ba ya mayar da mai salla da azumi kafiri. Shi kansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi irin na malaman kalam, masu kare aƙida da hujjar hankali, ba.

A tarihin Kirista ƙofar ta buɗe ne da wani misali na biki. A Luka 14:23, mai gida ya ce wa bawansa ya fita kan hanyoyi ya tilasta wa mutane su shigo don gidansa ya cika. Agustin, bishop na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya kafa hujja da wannan cewa hukuma tana iya matsa wa 'yan ɗariƙar Donatus, waɗanda suka ɓalle, su koma babban coci. Shi tara da ƙwace coci yake nufi, ya ma roƙi kada a kashe su. Amma ƙa'idar da ya kafa ta fi shi tsawon rai. Da ita aka yi kotunan binciken aƙida, aka yi kisan kiyashin garin Béziers na Faransa a 1209, aka yi wa Furotesta kisan ranar Bartholomew a Faransar dai a 1572. Furotesta ma ba su tsira daga wannan laifi ba, a Geneva ta jagoransu Calvin aka ƙona Servetus a 1553 saboda aƙidarsa. Sai a 1965 cocin Katolika ya fitar da matsaya a hukumance cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin imani.

Wa ya naɗa ka?

Ko an ɗauka hukuncin daidai ne, saura tambayar wa ke zartarwa. Fiƙihun Sunna ya rataya shelar yaƙi da tsayar da haddi a wuyan shugaba. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa, wadda ke cikin Muwaɗɗa, ta hana kashe mace da yaro da tsoho, ta hana sare itace mai 'ya'ya da rusa gini, ta ce a ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Abin da Abdussalam Faraj ya yi a Masar shi ne ya ce tunda shugaban ya kafirta, yaƙarsa ta zama farilla a kan kowane mutum shi kaɗai, ba sai da izinin kowa ba. Faraj injiniyan lantarki ne. Da ƙasidarsa aka kashe shugaban Masar Anwar Sadat ranar 6 ga Oktoba 1981.

Romawa 13:4 ta ba mai mulki takobi, sura ta 12 kuma ta hana mutum ɗaukar wa kansa fansa. Masu son tsallake wannan sukan nufi Littafin Ƙidaya sura 25, inda Finehas ya ɗauki mashi ya soke masu saɓo biyu ba tare da umarnin kowa ba. Paul Hill, tsohon fasto da cocinsa ya riga ya kora, ya jingina da irin wannan karatu ya harbe wani likita mai zubar da ciki da mai rakiyarsa a Florida a 1994. A Arewa kuwa, tun bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Kaduna na 2000, an ji wasu masu wa'azi suna cewa an mari kunci na farko, an mari na biyu, babu na uku. Kare kai daga mahari abu ne da mafi yawan malaman Kirista suka halatta, haka na Musulunci. Inda ake zamewa shi ne a tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don sunansa ya yi kama da na maharan. Taron da ke jifan wanda aka zarga da ɓatanci, ba alƙali ba shaidu, shi ma wannan cutar ce: kowa ya naɗa kansa mai tuhuma da alƙali da hauni a lokaci guda.

Masu agogon tashin duniya

Wanda ya gaskata cewa gobe duniya za ta tashi ba ya lissafin jibi. ISIS ta ɗauki hadisin Muslim da ya ambaci yaƙin ƙarshen zamani a Dabiƙ, wani ƙauye a arewacin Halab ta Siriya, ta sa wa mujallarta sunan. Da ta ga garin zai suɓuce, ta sauya wa mujallar suna a Satumban 2016, a Oktoba kuma aka ƙwace shi ba tare da wani babban gumurzu ba. A Yuganda, wata ƙungiya mai da'awar dawo da Dokoki Goma ta sa ranar ƙarshen duniya a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da kadarorinsu. Da rana ta wuce aka fara neman bahasi, sai ga gobarar Kanungu ranar 17 ga Maris 2000 da ramukan gawarwaki, mutum fiye da 700. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawa fiye da 400 na mabiyan da aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar, A'araf 187 ta ce saninta na wurin Ubangiji kaɗai. A irin waɗannan ƙungiyoyi shugaba ne ke zama mabuɗin littafi shi kaɗai, kamar yadda Muhammadu Marwa Maitatsine ya watsar da hadisi da maganar malamai ya bar fassararsa, har tarzomarsa ta Disambar 1980 ta ci rai 4,177 a Kano bisa ƙidayar hukuma.

A 1534 wasu masu aƙidar sake baftisma suka ƙwace birnin Münster na Jamus, suka kira shi Sabuwar Urushalima, Jan na Leiden ya naɗa kansa sarki irin Dawuda, yana kashe mai musu, har aka murƙushe su a 1535. Daga wannan reshe dai aka sami coci-cocin da suka haramta ɗaukar makami kwata-kwata. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, jikar wannan koyarwa ce. Mafi yawan 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi a Oktoban 2014, ta ƙona mata ɗaruruwan majami'u, kuma shugabanninta suka ci gaba da hana ramuwa.

Ƙasar da irin ke tsira a kai

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2017 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da binciken da ta yi hira a cikinsa da mutum 495 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabab da ƙafarsu. Kusan rabi sun ce addini ne ya kai su, amma kashi 57 cikin 100 sun amsa cewa fahimtarsu ga nassin kaɗan ce ko babu. Kashi 71 sun ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Binciken ya kuma gano cewa shekara shida ko fiye na karatun addini yana rage yiwuwar shiga da kusan kashi 32. Wato zurfin karatu rigakafi ne, rabin karatu ne hatsari. Kisan da aka yi wa Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli 2009, ba tare da shari'a ba, ya ba ƙungiyarsa hujjar da wa'azinsa na shekaru bai ba ta ba.

Wannan ne ya sa maganin da ya tsaya a ɓangare ɗaya ba ya ci. Saƙon Amman na 2005, wanda malamai 200 daga ƙasashe 50 suka amince da mazhabobi takwas suka hana kafirta mabiyansu, da buɗaɗɗiyar wasiƙar da malamai fiye da 120 suka aika wa Bagadadi, shugaban ISIS na lokacin, a 2014 suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai kyau. Amma da Larabci da Turanci suka fi yawo, yayin da kaset ɗin Yusuf ya shiga tasha da kasuwa da Hausa da Barbarci. Dokar tace masu wa'azi, irin wadda Kaduna ta kafa a 1984 bayan Maitatsine, tana iya rufe lasifika amma ba ta kai ga waya, kuma idan hukuma ta yi amfani da ita a kan masu sukarta sai ta ƙara wa mai tsattsauran ra'ayi kwarjini. Malamin da ake gani a ƙofar gwamna kullum, ko hujjarsa ta fi ƙarfi, matashin da soja ya kashe wa uba ba zai saurare shi ba.

Abin da aka ga ya yi aiki ya fi kama da tafiyar Ibn Abbas: wanda suka yarda da iliminsa da amanarsa ya zauna da su, ya bar su su kawo hujjarsu gaba ɗaya, ya amsa daga cikin littafin da suka yarda da shi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna a Kaduna. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Ashafa ya ce huɗuba ce ta juya shi, a kan yadda Annabi ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Wuye kuma wani babban fasto ne ya gaya masa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya ba. Sun fara aiki tare a 1995, suna cikin waɗanda suka haɗa shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, sannan suka shiga tsakanin Musulmi da Kiristocin Yelwa ta Shendam a Filato bayan kashe-kashen 2004, har aka kai ga sulhu a 2005.